Ramin da Na Cike a Rigar Malamin Rawa

A yau idan ka bi ta Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da la'asar, za ka tarar da mutane riƙe da kyamara suna ɗaukar hoton tsofaffin tagogin katako, har da mai yi musu bayani. Lokacin da na sauka Jidda, a farkon shekarun tamanin, ba mai ɗaga kai ya dubi tagogin nan sai mai tsoron kada ɗaya ta faɗo masa. Masu gidajen sun ƙaura zuwa sababbin unguwanni, sun bar mana su, mu baƙi da kyankyasai. A zamanin, tsohon abu abin kunya ne, a wurinsu da wurinmu duka. Da wannan tunanin na zo, kuma shi ya kusa mayar da ni gida hannu rabbana.

Sunana Hamisu, mutumin Damagaram, tela ɗan tela. Mahaifina ɗinkin hannu yake yi, kuma duk unguwarmu in babbar riga ta yage, wurinsa ake kawowa. Kafin Jidda na zauna Kumasi, na zauna Injamena, na yi shekara guda a Hartum. Ina da Faransancin makaranta, da Turancin kasuwa, da Larabcin Sudan. Na ɗauka babu garin da zai ba ni mamaki.

A Hartum na haɗu da Alhaji Tanko, dillalin biza. Ya ce akwai wani Balarabe a Jidda mai shagon alkyabba, yana neman mai ɗinkin hannu ruwa a jallo. Da na iso, sai na tarar Balaraben, kafilina, wato wanda ya tsaya mini na shigo ƙasar, ba shi da ko keken ɗinki. Abin da yake da shi rumbun siminti ne kusa da tashar jiragen ruwa. Ya karɓi fasfona ya jefa a durowa, ya nuna mini mota cike da buhuna, ya ce, "Yalla."

Da na sami Alhaji Tanko a wata majalisa a nan Jidda bayan sati biyu, na ce, "Alhaji, ina shagon alkyabbar?"

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Haba Hamisu, aiki ai aiki ne. Kai da kake ƙasa mai tsarki, me kake nema kuma? Shi buhun ma ai wani ne ya haɗa bakinsa."

Mutanen wurin suka yi dariya. Ni ma na yi, don ba ni da abin yi.

Wata takwas ina dakon siminti. Ba nauyin ne ya dame ni ba, a Kumasi na ɗauki huhun goro. Hannuwana ne. Siminti da gumin Jidda suka haɗu suka faffasa mini yatsu, har wata Juma'a na ɗauki allura zan sa wa rigata maɓalli, na kasa jin ta tsakanin yatsuna. Ranar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. A Kumasi in kewa ta kama ka, sai ka ji hadari ya haɗo, ƙasa ta yi ƙamshi, ka ce ga gida. A Jidda iska ma jiƙaƙƙiya ce, amma ba ruwa, ba ƙamshi.

Ina kwana ne a hawa na uku na wani tsohon gida a Balad, wurin Hajiya Gambo. Tsohuwa ce da iyayenta suka zo da ita ta ƙasa tana goye, ta tashi a nan, Hausarta rabi Larabci. Ita ta ga hannuwan. Sai washegari na tarar da ɗan gwangwanin man kaɗe a bakin ƙofata. Da na je godiya ta ce, "Ya waladi, ka riƙa shafawa kana ɗaure su da tsumma. Tela ba yatsu ai mishkila ce. Kuma ba kyauta ba ne, zannuwana duk sun yage."

Ana haka kafilina ya ce zai rufe rumbun. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, saura wata biyu ta ƙare. Ya ce in na sami wanda zai karɓi kafalata kafin lokacin, zai sa hannu ya sake ni. In ban samu ba, halas, wato shi ke nan, sai jirgi zuwa gida. To ni ban tara komai ba, ga mata da 'ya'ya biyu na bari a gidan wana, kuma duk wasiƙar da na aika ina cewa ne aiki yana kyau.

Cikin lodin ƙarshe aka aike mu wani gida a Ruwais, kusa da teku. Wani attajiri ne ke mayar da tsohon gidan mahaifinsa zauren baje kolin kayan fasaha, kuma ya ɗauko wani Ba'indiye musamman don ya tsara masa. Muna gama sauke siminti, sai Ba'indiyen ya fito, gajere, mai furfura, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Ya roƙe mu da gurɓataccen Larabci mu taya shi shigar da wasu akwatuna. Ɗaya ta buɗe, na ga yadi ne a naɗe cikin farar takarda. Abokan aikina suka kai hannu. Ni kuwa na ce su dakata, na je famfo na wanke hannuwana har gwiwa, na goge, sannan na ɗauka.

Mutumin ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Wa ya koya maka haka?"

Na ce, "Babana. Da bulala."

Ya yi dariya ya ce, "Ni ma malamina da sanda. Gobe ka zo."

Shi ne Ustaz Anwar, Musulmi, mutumin Laknau. Ya gaya mini gaskiya tun ranar farko: shi ma baƙo ne, ba shi da ikon ɗaukar kowa. Amma mai gidan ya ce in aka buɗe baje kolin lafiya, duk wanda Ustaz ya nuna ya ce yana so, zai karɓi kafalarsa. Saura sati shida a buɗe. Iƙamata saura bakwai.

Na ga masu sana'a iri-iri a yawona, amma ban taɓa ganin mai irin tasa ba. Shi ba ya zane, ba ya saƙa, ba ya sayarwa. Aikinsa ya zaɓi abin da wasu suka yi, ya san inda zai ajiye kowanne, da abin da zai sa kusa da shi, da inda haske zai faɗo. Sai ya sa ni riƙe hoto a bango rabin awa. "Sama kaɗan, Hamisu bai. A'a, ƙasa. Koma inda kake." Bai ɗin nan, a bakinsu, ɗan'uwa ke nan. Wata rana na gaji na ce, "Ustaz, a garinmu ko amarya ba a daɗe haka ana gyara mata zama." Ya ce, "Ita amarya tana iya gyara kanta. Wannan in mun rataye shi karkace, haka zai tsaya wata uku yana tsine mana."

Akwai zane-zanen hannu ƙanana masu giwaye da lambuna, da manyan labulen dandamalin wasan kwaikwayo, da darduma. Amma abin da zai tsaya a tsakiyar babban ɗaki riga ce. Fara, ta lallausan yadi, matsattsiya a ƙirji, mai faɗin gindi ƙwarai. Ya ce rigar malaminsa ce na rawa, wanda ya rasu, matarsa ta ba shi aro. Kusa da ita za a ajiye ƙananan ƙararrawa da ake ɗaurawa a ƙafa, irin akayau namu amma na tagulla. Ya ce, "A garin nan ba za a bar ni in hau da mai rawa dandamali ba. To zan tsayar da rigar, in ba ta haske, mai ido ya ga rawar."

Da muka shimfiɗa ta a tebur, idona na tela ya faɗa kan wani wuri a gefen hagu, kusa da bakin gindi. Yadin ya cinye ya yi shara-shara, da rami a tsakiya wanda bai fi babban yatsa ba. Na dubi Ustaz, na ga bai ce komai ba, ya shafa wurin da bayan yatsa ya wuce.

A nan ne na yi kuskuren da sai ɗan gidanmu zai yi. A wurinmu, in ka ga yagewa a rigar babba, ba ka nuna masa. Ka jira ya tuɓe ya rataye, ka ɗauka ka gyara, ka mayar, kada ya san ka gani. Mahaifina ya yi wa limaminmu haka shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa furtawa. Rufin asiri ke nan. Na ce a raina, bawan Allah nan baƙo ne kamata, manyan gari za su zo, ga rigar malaminsa da rami, kunya ta hana shi magana. Ga ranar da zan rama alheri.

Ran Alhamis Ustaz ya tafi Makka umara, ya bar mini makulli don in share ɗakuna. Na riga na zaga kasuwar Balad na samo zare mai launin tsohon yadin, na jiƙa shi a ruwan shayi ya ƙara dusashewa. Yatsuna sun warke, albarkar man Hajiya. Tun hantsi har la'asar ina zaune ina saƙa ramin nan sili-sili, yadda babana ke yi. Da na gama, na ɗaga rigar a hasken taga, ni kaina sai da na laluba kafin na gane wurin. Rabona da farin ciki irin wannan tun barina gida.

Ran Asabar da safe muka zo tsayar da rigar. Ustaz ya kama gefen hagu yana dubawa. Ya duba dama. Ya sake komawa hagu, ya sa tabarau. Ni ina gefe ina danne murmushi.

"Hamisu bai," ya ce, "akwai wani wuri a nan."

"Babu shi yanzu, Ustaz."

"Kamar yaya babu shi?"

"Na rufa maka asiri. Ba wanda zai gani."

Bai yi tsawa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a ƙasa, kan tayil. Sannan ya miƙe ya rufe ƙofa, ya tuɓe takalmi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, tsoho mai ɗingishi, ya buga ƙafa sau uku, ya juya a kan diddige kamar katantanwar da yara ke murzawa, har sau biyu. Daidai inda zai tsaya, yatsunsa biyu na hagu suka cafke gefen rigarsa, cak, ya tsaya kamar an dasa shi. Gwiwar ta murɗe, ya dafa bango.

Ya ce, yana haki, "Ka gani? Kowane mai rawa yana barin rigar ta faɗi da kanta. Malamina kaɗai ke kama ta, a nan, da yatsu biyu. Shekara arba'in yana kama wuri ɗaya. Ba hotonsa mai motsi ko ɗaya a duniya. Ramin nan shi ne abin da ya rage na rawarsa. Saboda shi na ɗauko rigar daga Laknau."



Ya ce, "Ajiye makullin a tebur. Ka tafi tukuna."

Da ƙafa na koma Balad, ban ko tuna da tasi ba. Hajiya Gambo tana tsakar gida tana tankaɗe. Na ba ta labari tun daga farko. Ta ajiye rariya ta ce, "La haula! Wato su Indiyawa rami suke so? Da ka faɗa mini, da na ba su zannuwana sun baje."

"Hajiya, ba abin dariya ba ne. Saura kwana tara a buɗe."

"To wa ya aike ka? An ɗauke ka ɗaukar kaya, ka zama likitan riga. Shisshigi, wallahi, irin na mutanen Damagaram." Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ka yi ɗinkin, ka yanke nasu zaren?"

"Ko sili ɗaya. Babana ba ya yanka tsohon zare, tsakaninsa ake bi."

"To me ka zauna yi mini a nan kamar an yi maka mutuwa? Wanda ya ɗaura ai shi ke kwancewa. Yalla, bukra, gobe tun da safe."

Washegari na riga Ustaz isa zauren. Da ya gan ni a bakin ƙofa bai gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Na ce, "Ustaz, ba aiki na zo roƙo ba. Zaren da na sa nawa ne, ban taɓa na malaminka ba. Ka bar ni in cire, sannan in tafi."

Ya ce, "Ka lalata da allura, yanzu za ka ƙarasa da allura? In yadin ya yage fa?"

"In ya yage, laifina ya zama biyu. In aka bar shi haka, ƙarya za ka nuna wa mutane."

Ya buɗe ƙofar.

Sai dai na yi aikin da kyau fiye da kima. Da na zauna, na kasa bambance zarena da nasu. Na gaya masa. Ya ce in jira. Ya rufe tagogi, ya ɗauko wata ƙaramar fitila mai wuya, ya kwantar da ita daidai da tebur yadda hasken zai bi ta gefe yana shafar yadin. Nan take sabon zaren ya fito, yana ɗan sheƙi, tsohon kuma ya kwanta dusu-dusu. Ya ce, "Dabarar dandamali ce. Da ita muke sa saurayi ya zama tsoho."

Kwana biyu muka yi, shi riƙe da fitila, ni da bakin allura ina zaro sili ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko ba mu yi magana ba sai ta aiki. Rana ta biyu, ban tambaye shi ba, ya fara da kansa. Ya ce yana ɗan shekara bakwai aka kai shi wurin malamin nan, mahaifinsa bai so ba, har ya yi wata uku ba ya cin abinci tare da shi. Yana tashen suna gwiwa ta tafi. Ya koma Bombai yana jan labule a gidan wasan kwaikwayo, daga nan aka ba shi fitilu, daga fitilu ya fara shirya wasan da kansa. Da gidan ya mutu, wata mata mai zauren zane a Dilli ta ɗauke shi, don ta ce shi kaɗai ta gani yana haska hoto kamar mutum. Ya ce, "Sau uku ina fara sana'a daga tushe, Hamisu bai. Daga baya na gane guda ɗaya ce: ka tsaya a duhu, ka sa a ga wani."

Na ce, "Ashe kai ma tela ne. Mu ma ba a ganinmu, sai mai riga."

Wannan ne karo na farko da ya yi murmushi tun ran Asabar.

Da na zaro silin ƙarshe, ramin ya dawo. Amma ba zan yi ƙarya ba, bai dawo yadda yake ba. Bakinsa ya ɗan saki, kuma a ƙarƙashin fitilar ana ganin sawun allurata kewaye da shi. Ustaz ya kalla ya ce zai rubuta wa matar malaminsa duk abin da ya faru, da sunana a ciki. Na ce haka ya kamata. Na wanke hannu na nufi ƙofa.

Ya ce, "Ina za ka? Wa zai tsayar mini da ita?"

Matsalarsa ita ce yadda gindin rigar zai buɗe kamar ana juyi, ba tare da an huda ta ko an sa mata ƙarfe ba. Na ce a ba ni farin yadi mai ƙarfi. Na ɗinka wata riga ta ciki, na cusa mata auduga, na ba ta siffar juyin da na ga ya yi, tsohuwar kuma muka ɗora ta a kai kawai, ba ɗinki ko ɗaya. Gefen hagu na ɗan ɗaga shi, kamar yatsu biyu sun kama. Wannan karon, kafin kowane abu sai na ce, "Ustaz, in yi?" Har ya gaji ya ce, "Numfashi dai ka riƙa yi ba izini."

Ana gobe buɗewa mai gidan ya zo zagayawa, dattijo mai sanda da tasbaha. Ya tsaya gaban rigar ya daɗe. Ya nuna ramin da bakin sandarsa, daga nesa, ya ce, "Ya Ustaz, wannan fa? Ba za a gyara ba? Baƙi za su zo."

Na sunkuyar da kai. Ustaz ya yi masa bayanin yatsu biyun, dattijon yana gyaɗa kai. Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Sai ya nuna ni ya ce, "Wannan mutumin ma haka ya yi tunani. Ya cike shi ba da sanina ba, har na kore shi. Ya dawo da ƙafarsa ya warware. Sawun da kake gani kewaye nasa ne."

Na ce a raina, halas, jirgi.

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa. "Shi ne wanda kake so in karɓi kafalarsa? Wanda ya ɓata maka kaya?"

"Shi ne. Ya cike rami har ni da na san wurin na kasa gani. A Dilli ban sami irin hannun ba. Abin da bai sani ba kuma yanzu ya sani, kuma ba zai manta ba. In ka kawo mini sabon mutum, sai ya ɓata wata rigar kafin ya koya."

Mai gidan ya yi dariya har yana buga sanda. Ya ce da ni, "Ya Hamis, ina da wata tsohuwar alkyabbar babana, duk ramuka. Kada ka kusance ta." Ya juya ga direbansa ya ce gobe a kai ni ofis da takarduna. Saura kwana shida iƙamata ta ƙare aka buga sabuwa.

Amsar matar malamin ta zo bayan wata biyu. Ustaz ya fassara mini. Ba ta ce ta ji daɗi ba. Ta ce ita ma sau uku tana ɗaukar allura za ta cike ramin nan, marigayin yana ƙwacewa, saboda haka ba ta da bakin zagin wani.

Shekara tara muka yi tare kafin ya koma Indiya, inda ya ci gaba da shirya bukin raye-raye har ƙarfinsa ya ƙare. Ni na zauna a zauren, na ɗauko iyalina muka kama gida a Madain Fahd, daga baya har aka riƙa aike ni Alƙahira da Istanbul in tsayar da tsofaffin tufafi. Ban sake ɗaukar buhun siminti ba, kuma ban sake zama telan da ke ɓoye tsufa ba. Tun daga rigar nan, ban ƙara sa allura a tufar wani ba sai na tambayi wanda ya sa ta, da abin da ya cinye ta.